Likita ya rubuta wa Mama mofin, amma duk kantin da na je sai a ce babu

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyata tana fama da ciwon daji na mama, likitoci sun ce ya taɓa ƙashi. Da za a sallame mu daga asibitin koyarwa likita ya rubuta mata mofin na ruwa, aka ba mu kwalba ɗaya. Mun dawo gida, kuma garinmu da nisa, maganin ya ƙare. Na ɗauki takardar na zaga kantunan magani. Wani ya ce ba sa ajiye shi, wani ya ce takardar ta tsufa, wani kuwa kallon 'yar ƙwaya ya yi mini. Na ƙarshen ya ce in ina so zai ba ni tiramol mai ƙarfi, ba sai da takarda ba. Mama ba ta barci saboda ciwo. Doka ce ta hana su ko wulaƙanci ne? Kuma in karɓi tiramol ɗin?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alherin wannan jinya. Aikina harhaɗa magunguna ne a famasin asibiti, kuma wannan tambaya taki ba baƙuwa ba ce a tagarmu. Abu biyu kike son sani: me ya sa takardar likita ta gaskiya ta kasa samo miki magani a kanti, da kuma ko tiramol ɗin da aka yi miki tayi zai iya tsayawa a madadin mofin, wato maganin kashe ciwo mai tsanani. Na biyun ya fi gaggawa, don haka ga amsarsa tun yanzu: kada ki karɓa. Dalilin yana tafe. Abin da ya kamata ki yi yau, tun kafin ki gama karanta wannan, shi ne ki nemi sashen da ke ganin Mama a waya, ki shaida musu maganin ya ƙare kuma ciwo ya hana ta barci.

Mofin ba ya bin hanyar da sauran magunguna ke bi

Farasitamol ko maganin maleriya, kamfani ne ke yi ko ya shigo da shi, dila ya sara, mai kanti ya je ya saro ya jera a kan kanta. Mofin da fetidin da fentanil ba haka ake samunsu ba. Tun yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 kan magunguna masu sa maye, kowace ƙasa sai ta miƙa ƙiyasin abin da take buƙata duk shekara ga INCB, hukumar duniya mai sa ido kan irin waɗannan magunguna da ke birnin Biyana, kuma ba ta da ikon shigo da fiye da abin da aka amince mata. A Najeriya Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ce ke shigo da su, babban rumbun ajiyarsu yana Oshodi a Legas, NAFDAC kuma ke ba da izini da sa ido. Asibitin da ke so sai ya cika takardu, ya nuna lissafin abin da aka ba shi a baya da inda ya tafi, sannan a ba shi wani. Mofin na sha yawanci hoda yake zuwa, mu ne muke auna shi mu dama shi a ɗakin haɗa magani. Ki duba kwalbar da aka ba ku, ina kyautata zaton ba ta da kwalin kamfani, sai takardar asibiti da aka manna mata. Abin da ba ya shiga kasuwa kuwa, mai kanti ba shi da inda zai saro shi.

Sannan akwai bambancin da mutane da yawa ba sa lura da shi, tsakanin kemis da famasi. Yawancin kantunan da ke garuruwanmu kemis ne. Lasisin da PCN, hukumar da ke kula da harkar famasi a Najeriya, ke ba su na sayar da ƙananan magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne kawai. Ko mai kemis ya tausaya miki har ya zubar da hawaye, ba shi da hurumin ajiye mofin. Famasi mai rajista, wanda famasis ke tsaye a kansa, yana iya neman izini, amma kaɗan ne ke yi. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, takardu da yawa, ga tsoron ɓarayi, ga shi maganin ruwa ba ya daɗewa yake lalacewa. Saboda haka wanda ya ce miki ba sa ajiyewa, gaskiya ya faɗa miki.

Wanda ya ce takardar ta tsufa shi ma yana kan hanya, sai dai bai yi miki bayani ba. Takardar irin wannan magani sau ɗaya take aiki. Likita zai rubuta sunan mara lafiya, da ranar, da ƙarfin maganin, da yawan da za a sha, da jimillar abin da za a bayar, ya sa hannu da hatimi. Da zarar an bayar da wannan jimilla, takardar ta gama aikinta, famasin ma riƙe ta yake yi a fayil. Abin da ya rage a hannunki mai yiwuwa kwafi ne ko takardar sallama mai jerin magunguna. Ba a bayar da mofin da ita, ba a bayarwa da hoton takarda a waya, ko da a asibitin da ya rubuta ne. Kowace sabuwar kwalba sai da sabuwar takarda.

Bari in nuna miki yadda abin yake a bayan taga, don ki ga me ke ran wanda ke tsaye a wurin. Akwatin ƙarfe ne a kafe a bango, a cikin wani kabad mai kulle, makullin yana jikin famasis ɗin da ke bakin aiki, ba a rataye shi a ƙusa. Kusa da shi akwai littafin rajista mai layi-layi: kwanan wata, sunan mara lafiya, lambar katinsa, likitan da ya rubuta, abin da aka fitar, abin da ya saura, sa hannu. Ba a goge kuskure a littafin nan, ba a yage shafi, sai dai a ja layi ɗaya a kai a sa hannu. In kwalbar allura ta faɗi ta fashe, sai an kira shaida ya gani ya sa hannu. In za a miƙa aiki, mai fita da mai shiga sai sun ƙirga tare. Ranar da jami'ai suka zo duba, in allura ɗaya ta ɓace ba bayani, lasisin mutum da 'yancinsa ne a kan layi. Wanda ya rayu da wannan littafi shekara da shekaru, ba abin da ke zuwa masa a baki da sauri kamar "babu".

Yadda aka zo nan

Dokokin nan ba sababbi ba ne, Dokar Magunguna Masu Haɗari tun 1935 take, NDLEA kuma an kafa ta a 1989. Amma tsananin da kike gani yau ya samo asali ne daga abin da ya faru da kodin da tiramol, kuma mu a Arewa ba sai an ba mu labari ba. A farkon watan Mayun 2018, bayan wani binciken BBC kan yadda maganin tari mai kodin ke malala a hannun matasa, gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Rahoton 2018 na binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan ciwo irin su tiramol da kodin suke sha ba don jinya ba. Kowa ya san gidan da abin ya taɓa. A watan Fabrairun 2024 ma an rufe shagunan magani sama da dubu a yankin Sabon Gari na Kano, aka ce masu sarin su koma sabuwar cibiyar da ke Dangwauro a kan titin Zariya, don a san abin da ke shiga da abin da ke fita. Ni ina goyon bayan sa ido. Na ga yaran da ƙwaya ta mayar abin tausayi, ba zan ce a saki kasuwa ba.

Sai dai ga inda zuciyata ba ta kwanta ba. Ƙwayar da ke lalata matasa ba daga akwatin ƙarfen asibiti take fita ba. A kwantena take shigowa ta tashar ruwa da kan iyaka, katan-katan, kuma NDLEA da Kwastan suna kama ta da yawa amma ba ta yanke ba. Tsananin kuwa ya fi sauka a kan wanda ya zo da takarda a hannu, a fili, da sunansa da lambar katinsa. An bar jaki ana dukan taiki. Ke da kanki kin gani: maganin halak ya gagare ki, na haram kuwa tayinsa aka yi miki. A 2017 kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya auna yawan mofin da danginsa da ke akwai ga kowane mara lafiyar da ke buƙatar a rage masa raɗaɗi. A Najeriya bai kai miligiram ɗaya ba a shekara, a Amurka ya haura miligiram dubu hamsin. Su can yawan rubuta magani ne ya jefa su cikin bala'i, har manyan kamfanonin famasi suka amince da biyan diyyar biliyoyin daloli a 2022. Mu tamu matsalar ta rashi ce. Amma mun ɗauko tsoronsu mun ɗora a kan rashinmu, likita na tsoron rubutawa, famasis na tsoron bayarwa, nas na tsoron miƙawa, tsohuwa kuma tana juyi a kan tabarma ana ce mata ta yi haƙuri. Haƙuri ibada ne, amma hana mara lafiya maganin da ke akwai ba ya cikin haƙuri.

Kallon da aka yi miki ba ni da uzurin da zan kawo masa. Abin da zan iya shi ne in gaya miki inda yake fitowa. Takardun bogi suna zuwa mana: an mayar da 10 ta zama 100 da wani biro dabam, hatimin asibitin da ba a san da shi ba, mutum ɗaya da takardu daga likitoci daban-daban a mako guda. Mafi yawa a kan allurar fenta ne, wato fentazosin. Za ki ga mutum cinyoyinsa da damatsansa sun taurare kamar itace, duk gyambo, saboda yawan sokawa, kuma da yawansu ciwo na gaske ne ya fara kai su, ba iskanci ba. Amma wannan bai ba kowa lasisin zargin duk wanda ya shigo ba. Masu sikila su suka fi shan wannan kallo. Yaro zai zo yana murƙususu, ya faɗi sunan maganin da ya san yana yi masa aiki, sai a ce ai ga shi har sunan ya sani. In akwai shakka a kan takarda, aikin famasis shi ne ya kira likitan ya tabbatar, in kuma ba shi da maganin ya faɗi inda ake samu. Wanda ya sallame ki bai nuna miki ƙofa ba, rabin aikinsa ya yi.

Batun tiramol ɗin

Tiramol magani ne na gaske, muna bayar da shi da takarda. Ƙarfin da NAFDAC ta amince da shi miligiram 50 da 100 ne. Duk wanda aka ce miki "mai ƙarfi" ne, 200 ko 225 ko 250, ta ɓarauniyar hanya ya shigo, ba wanda ya gwada abin da ke cikinsa. Tun da Indiya ta ƙara tsaurara fitar da tiramol a 2018, masu fasa-ƙwaurin suka koma kawo wasu ƙwayoyin masu kama da shi, haɗin tafentadol da karisofurodol, haɗin da ba a amince da shi a matsayin magani ba, kuma a kasuwa duk tiramol ake kiran su. Wato ba ki ma san me za ki ba Mama ba.

Ko da na gaskiyar ne, ba ya maye gurbin mofin a ciwon da ya shiga ƙashi. A matakan maganin ciwo da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tun 1986, tiramol da kodin a tsakiya ake sa su, mofin a sama. Tiramol yana da iyaka, ba a wuce miligiram 400 a yini, ga tsofaffi da masu matsalar ƙoda ƙasa da haka. In aka ƙara don a kamo ciwon, abin da ke biyowa shi ne jijjiga irin ta farfaɗiya, da ruɗewa, da amai. Yana kuma karo da wasu magungunan damuwa. Haka nan kada ki bari wani mai allura a unguwa ya zo ya yi mata fenta don taimako. Ga wanda jikinsa ya saba da mofin, fenta na iya ture shi ta tayar da ciwo da rashin natsuwa. Su dikulofenak da ibufurofen kuwa da mutane ke haɗawa barkatai, suna taimakon ciwon ƙashi a wurin wasu, amma suna cin ciki suna taɓa ƙoda, ba a ba mai shan maganin daji sai likitanta ya ce. Maganin barci irin su diyazefam, in ya haɗu da mofin, numfashi yake dannewa.

Abin da za ki yi

In kin samu likitan ko nas ɗin sashen, ki tambaya ko asibitin yana da masu kula da rage raɗaɗi, domin a yawancin asibitocin koyarwa akwai su, kuma su ne suka fi sanin hanyar maganin nan. Ki tambaya ko za a yarda wani ɗan'uwa ya zo da katin Mama da shaidarsa da kwalbar da ta ƙare, a rubuta sabuwar takarda ya karɓo, ba sai an ɗauko ta an sha wahalar mota ba. A wurinmu muna yin haka ga waɗanda muka sani, in likita ya yi magana da mai jinya ya gamsu da halin da ake ciki, amma kowane asibiti da tsarinsa, kuma likita na iya cewa sai ya gan ta. In nisan ya yi yawa, ki roƙi takardar turawa zuwa cibiyar lafiya ta tarayya ko babban asibitin jiha mafi kusa da ku, kuma kafin ki hau mota a kira famasinsu a ji ko suna da shi. Akan samu lokacin da asibitin koyarwa ma kansa ya yanke.

Ki gaya wa likitan ainihin ranar da ta sha na ƙarshe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. In an yi kwanaki ba a sha ba, jiki yana sauka daga sabon da ya yi, kuma komawa kan tsohon awo kai tsaye na iya yi mata yawa. In kin lura bayan yankewar tana gumi, tana hamma, hanci na zuba, ciki na murɗawa da gudawa, wannan alamar an tsayar da maganin ne farat ɗaya. Ba shi ne ta zama 'yar ƙwaya ba, kuma kada ki bari kowa a gida ya faɗa mata haka. Dangi sukan ce ai in aka fara mofin to an cire rai ne. Ba haka ba ne. Na ga mata da yawa da suka daina cin abinci da magana saboda ciwo, aka daidaita musu awo, suka tashi zaune suna alwala da kansu.

Nan gaba, ranar da za a rubuta, ki zauna da likita ku lissafa: sau nawa a yini, mililita nawa, kwana nawa zuwa ranar dawowa, har da ɗan ƙarin da ake sha in ciwo ya taso tsakanin lokuta. Ki fara neman sabo tun saura mako guda. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta lokaci da awon da aka ba ta da yadda ta kwana. Ba abin da ke kwantar da hankalin likita da famasis kamar wannan littafin, kuma da shi ake gane ko awon ya yi kaɗan. Da sirinjin awo ake aunawa, ba da cokalin shayi ba. Ana sha a kan lokaci, ba a jira sai ciwo ya yi tsanani. Kusan duk mai shan mofin bayan gida yana ɗaure masa, don haka ki tabbata an haɗa da maganin sassauta ciki. Kwalbar kuma a kulle ta a inda ke kaɗai ke da makulli, saboda ƙananan yara da kuma masu shiga da fita. In an canza magani ko ya saura, famasin asibiti ake mayarwa, ba a ba maƙwabciya mai ciwon baya.

Wannan wahala ta tafiyar awanni don kwalba ɗaya ba dole ba ce. Yuganda ba ta fi mu arziki ba, amma tun 2004 ta ba nas-nas da jami'an lafiya da aka horar na musamman ikon rubuta mofin na sha, kuma gwamnati ke biyan kuɗinsa, har ƙauye ake kai wa mutane. Aikin ya faro ne daga wata cibiya da Dakta Anne Merriman ta kafa a 1993, likitar da ta taɓa aiki a Najeriya. Mu ma muna da manufar ƙasa ta 2017 kan irin waɗannan magunguna, wadda ta yarda cewa samar da su ga marasa lafiya wajibi ne kamar yadda hana su faɗawa hannun banza yake wajibi. Abin da ya rage shi ne ta sauko daga takarda zuwa manyan asibitocin ƙananan hukumomi.

Ban ga Mama ba, ban san nauyinta ko halin ƙodarta ko sauran magungunan da take sha ba, don haka ba zan faɗa miki awo ba, kuma kada ki karɓi awo daga bakin kowa a waya in ba likitanta ba. Ki kuma tambaye shi ko gashin ƙashi da na'ura ko allurar ƙarfafa ƙashi za su dace da ita, domin ciwon ƙashi ba mofin kaɗai ke kwantar da shi ba, wani lokaci zama ɗaya a na'urar yana kawo sauƙi mai yawa. Akwai kuma alamomin da ba a jiran waya a kansu. In ciwon baya ya tsananta ƙafafu suka fara nauyi ko mutuwa, ko fitsari da bayan gida suka fara kuɓuce mata ko fitsarin ya ƙi fita, ku kai ta asibiti mafi kusa a ranar, domin yana iya zama ciwon ya danne laka. Haka in bayan an dawo da maganin ta yi barcin da ba ta farkawa in an tashe ta, ko numfashinta ya yi ƙasa sosai, kada a ƙara mata ko ɗigo, a tafi asibiti da kwalbar a hannu don su ga abin da ta sha.